Mu Ɗauki Hoton Lambunmu Tun Yana Nan

A duba akwatin hotuna na kowane gida a ƙasar Wurno, ko Rabah, ko Goronyo. Za a tarar da na ɗaurin aure, da na suna, da na yara cikin sababbin kaya ranar Kirsimeti ko Sallah. Amma da wuya a ga hoton fadama, ko komin albasa, ko tsohon da ke jan ruwa da jigo. Abin da ke ciyar da mu shi ne muka raina, muna ganin kullum yana nan. To, ba ya nan kullum.

An gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, aka buɗe ta a 1992, da ƙarfin riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Tun daga nan hawa da saukar ruwa a fadamar Rima ya sake, noman ma ya sake. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki daga Goronyo har Wurno. A 2018 kuwa ruwan madatsar ya ja baya har ya rage wajen kashi 10 cikin 100. Cikin Yulin shekarar 'yan bindiga suka far wa Tabanni ta ƙasar Rabah, jama'a suka gudu Gandi. A Oktoban 2021 aka kashe mutane fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Gonaki da yawa sun koma saura, don masu su ba su iya zuwa. Yaron da aka haifa a gudun hijira, da me za a nuna masa lambun kakansa?

A nan ne tsohuwar kyamara mai fim take da abin koya mana. Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, ba ƙari. Saboda haka mai ɗauka yakan tsaya ya duba, ya jira hasken safe ko na la'asar, kafin ya danna. In ya gama sai ya kai wanki, a ba shi hoto a takarda tare da nagatif. Takardar nan ba ta bukatar caji, tsohuwar da ba ta yi boko ba tana iya riƙe ta, nagatif kuma in bai sha zafi da laima ba yakan yi shekaru masu yawa ana sake wanke hoto da shi. Yau waya tana ɗaukar dubbai, amma ranar da ta faɗa ruwa, ko aka ƙwace ta a hanya, sau da yawa kome ya tafi ke nan.

Ba muna cewa kowa ya koma fim ba. Ya yi tsada, masu wanke shi sun yi ƙaranci, kamfanin Kodak kansa sai da ya nemi kāriyar kotu saboda bashi a 2012, ko da yake har yanzu ana yin fim. Wanda yake da tsohuwar kyamara kuma yana da hali, ya kakkaɓe mata ƙura. Wanda waya gare shi, ya ari halin mai fim: ya zaɓa da natsuwa, ya fitar a takarda.

Me za a ɗauka? Shawararmu ita ce a zaɓi wuri ɗaya, a tsaya a gurbi ɗaya, a ɗauke shi sau huɗu a shekara. Da bazara, lokacin da ƙasa ta tsage, shamuwa kuma ta iso da albishirin ruwa. Da damina, sa'ad da shinkafa ta rufe fadama, gawo kuma ya zubar da ganyensa alhali sauran itatuwa sun yi kore. Da kaka, ga dammunan gero a bakin rumbu. Da rani, ga albasa da tafarnuwa da tattasai, ga balbela tana bin shanu. Bayan shekara biyar hotunan nan 20 za su faɗi abin da baki zai yi gardama a kansa: ina ruwa yake kaiwa, wace tsamiya aka sare, ina iyakar gona take.

Wani zai ce hoto ba ya cika ciki, mutanen da ke neman taki da man injin ban ruwa ina ruwansu da shi? Gaskiya ne ba a tuƙa tuwo da hoto. Amma ran da ruwa ya share shaidar iyaka, ko aka zo rubuta asarar manoma, mai hoto a hannu ya fi mai rantsuwa. Kuɗin fitar da hoto huɗu a shekara kuwa bai fi ƙarfin zumuntar mata ko ta matasa ba.

Sai dai a yi da hankali. A zamanin nan baƙon da ke yawo da kyamara ana iya ɗaukarsa mai kai wa ɓarayi rahoto. A fara gaida mai gari da mai lambu, a faɗi dalili. Kada a ɗauki matan mutane ba da izini ba. Maƙwabcin da ya ce ba ya so, a girmama shi, a ɗauki shukar a bar mutumin. Kada a ɗauki wurin jami'an tsaro, kada kuma a shiga daji mai haɗari don hoto, gama rai ya fi shi.

In an fitar, a rubuta a baya da fensir: sunan wurin, da rana, da wata, da shekara. A yi biyu, ɗaya a gida cikin gwangwani mai murfi saboda gara, ɗaya wurin ɗan'uwa a Sakkwato. A kai wa mai lambun nasa, don shi ne ya yi gumin.

A Wurno kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake tun 1837, a Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. Tarihin manya ba zai ɓata ba, akwai masu rubuta shi. Na mai tafarnuwa da mai jigo ne ba shi da marubuci in ba mu ba. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gonarsa. Amin.