Don Mai Karatu Ya Gano Sirrinka Ba Dalili Ba Ne Na Canza Ƙarshen Labari

 Gargaɗi tukuna: wanda bai kalli Severance ba kuma yana da niyya, ya sani za mu fasa ƙwai.

Severance ƙagaggen labarin kimiyya ne mai dogon zango da Dan Erickson ya ƙirƙira a Amurka, Ben Stiller ya ba da umarnin mafi yawansa. Ya fara fita a Apple TV+ a Fabrairun 2022, zango na biyu kuma ya zo a Janairun 2025. A kamfanin Lumon ana dasa wa ma'aikaci wata 'yar na'ura a ƙwaƙwalwa ta raba tunaninsa biyu. Na cikin ofis bai san gida ba, na gida bai san me ake yi a ofis ba. Mark, tauraron shirin, ya yarda aka yi masa haka don ya huta da baƙin cikin rasuwar matarsa Gemma, ashe tana nan da rai a hannun kamfanin.

Shekara kusan uku 'yan kallo suka yi suna jiran zango na biyu, kuma ba su zauna haka nan ba. Kowa ya zama mai bincike. Me ake yi da awakin da ake kiwo a cikin ginin? Wasu suka ce gwajin kwafar halittar mutum ake yi da su. Lambobin da su Mark ke tacewa a kwamfuta fa? Hasashe dai iri-iri, wasu suka faɗi daidai, da yawa suka sha ƙasa.

Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne na Helly. Tun fitowar farko ta zango na biyu mutane suka ce wannan ba Helly ba ce, Helena Eagan ce, 'yar masu kamfanin, ta shigo leƙen asiri da fuskar Helly. Hujjarsu ita ce ƙaryar da ta yi kan abin da ta gani a waje, har da zancen wani mai aikin lambu da dare. A fitowa ta huɗu aka tabbatar da haka. To shin fitowar ta lalace don an riga an gano? Ko kaɗan. Wanda ya sani ya fi kowa shiga tashin hankali, domin yana kallon Mark na miƙa zuciyarsa ga maƙiyiyarsa, yana kallon Irving na faɗin gaskiya ana yi masa kallon mai taɓin hankali. Da Irving ya danna kanta cikin ruwa don a dawo da Helly, ya biya da rayuwarsa ta ofis. Wannan asarar ce ta girgiza mutane, alhali sirrin ya daɗe da zama tsohon labari.

A nan muke da rigima da wasu daga cikinmu. Mu da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad mun san halin. Mai karatu ya rubuto cewa ai kishiyar ce ta sace jaririn, sai marubuciya ta ji kamar an tsiraita ta. Washegari ta ƙirƙiro wani kawu daga Sudan da ba a taɓa jin sunansa ba, ta ɗora masa laifin, don kawai a ce ba wanda ya iya gano ta. Mu faɗi gaskiya, wannan ha'inci ne. Mai karatun nan alamomin da kika shuka ya bi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma in ya gane, shaida ce ƙullin labarinki ya ƙullu.

Ga misalin Westworld na HBO. A zangon farko, 2016, 'yan kallo sun gano da wuri cewa William shi ne mutumin nan mai baƙaƙen kaya, duk da haka har yau zangon ne aka fi yabo. Zangunan baya suka cika sarƙaƙiya, lokuta suka cakuɗe, mutane suka yi ta ƙorafin sun kasa bin zaren, masu kallo suka ragu. A Nuwambar 2022 aka soke shirin bayan zango na huɗu, bai kai ƙarshen da masu shi suka tsara ba.

Wani zai ce ai mai karatu shi ne kasuwa, in ya san ƙarshe ba zai biya kuɗin ci gaba ba. Ba mu raina wannan magana ba, duk mun san tsadar data da wahalar buga rubutu a waya. Amma ku tambayi kanku: littattafai nawa kuka karanta sau biyu, sau uku, alhali kun san ƙarshensu sarai? Ruwan Bagaja ba ɓoyayyen sirri ke riƙe da shi ba, tun farko mun san Alhaji Imam ya dawo gida, tunda shi ke ba da labarin. Mutanen ciki ne ke dawo da mu.

Su ma masu hasashe ba mu ƙyale su ba. Da fitowa ta takwas ta bar ofis ta bi Harmony Cobel zuwa garinsu, wanda Lumon ta tsotse ta watsar, da yawa suka kira ta ɓata lokaci don ba ta amsa tambayoyinsu ba. Wanda ya mai da labari kacici-kacici, duk shafin da ba amsa a ciki nauyi ne a wurinsa. Kuma ku duba abin da aka fi muhawara a kai bayan fitowar ƙarshe a Maris 2025. Mark na ofis ya fitar da Gemma, ya tsaya a bakin ƙofa, sannan ya juya ya koma wurin Helly. Wasu suka ce butulci ne, wasu suka ce ai shi bai taɓa auren Gemma ba, kuma in ya fita ta ƙofar nan wataƙila shi ke nan an shafe shi. Wannan gardamar ba lissafi ke warware ta ba.

Saboda haka aikin wannan mako: kowa ya ɗauko labarin da yake kai, ya ɗauka masu karatu sun riga sun gano babban sirrinsa tun shafi na biyar. Me ya rage da zai sa su kai shafi na hamsin? In ba komai, gyara na jiran taurarinka. Ku ajiye amsoshinku a ƙasa, mu tattauna. Allah ya ƙara basira.