Ajiye Aiki Ba Ya Jiran Yardar Maigida

A kasuwannin Maraɗi, Ɗan Isa da Birnin Ƙonni, sau da yawa yaron shago ko direba kan ce zai bar aiki, maigida ya ce bai yarda ba, ya riƙe masa albashi ko katin ɗan ƙasa. Wannan kuskure ne babba.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta shekarar 2012 ta haramta aikin tilas. In ba a yanka ranar ƙarewar aiki ba, ma'aikaci na da 'yancin ajiye shi, muddin ya ba da wa'adi. A Najeriya ma haka ne: mako ɗaya ga wanda ya yi wata 3 zuwa shekara 2, wata ɗaya ga mai shekara 5 ko fiye.

To me ma'aikaci zai yi? Ya rubuta takarda mai kwanan wata, ya riƙe kofi. In maigida ya ƙi karɓa, ya miƙa gaban shaidu ko ta hannun husiye. Ya cika wa'adin, ya yi lissafin kaya, ya miƙa makulli. In an hana shi haƙƙinsa da takardar shaidar aiki, ya kai ƙara ofishin sufetan ƙwadago. Sulhu ya gagara, sai kotu. Wanda ya sa hannu a kwantaragi mai wa'adi kuwa, ficewa ba dalili na iya jawo masa biyan diyya.

Alhazai, in kuna bin yaro bashi, ku nemi kuɗinku gaban sarkin kasuwa ko alƙali. Wanda aka tsare da ƙarfi ba zai tsare muku dukiya da amana ba. Allah ya sa mu gyara.