Bakin Teku a Fim da Bakin Teku a Badagry



Yawancinmu 'yan Arewa a fim muka fara ganin teku. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma ba kowane gida ne ke da dalilin yin ta ba. Saboda haka tekun da muka sani shi ne na fim ɗin Indiya: saurayi ya rugo daga can, budurwa ta rugo daga nan, iska na kaɗa gyale, rana na shirin faɗawa cikin ruwa, ga sarewa na tashi ba a san daga ina ba. Duk daraktan da ke son mu yarda cewa mutum biyu na son juna, sai ya kwashe su ya kai bakin ruwa.

To ganin Dala ba shiga birni ba ne. Akwai abubuwan da kyamara ba ta ɗauka. Na farko ƙara. Tun kana nesa za ka ji wani rugugi kamar na hadarin da ya haɗo, kuma ba ya tsayawa dare da rana. Sai ƙarnin kifi da gishiri. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, shi ya sa in ya bushe a jikinka za ka ga fari-fari kamar ka yi wasa da toka. Rairayin da jaruma ke gudu a kai ba takalmi, da tsakar rana sai ya ƙona tafin ƙafa. Ga robobi da ledojin da ruwa ke dawo mana da su, waɗanda masu fim ke sharewa kafin a kunna kyamara.

Ni in aka ce in zaɓar wa makaranta wurin ziyarar ƙaro ilimi a bakin teku, Badagry zan zaɓa. Gari ne a yammacin Jihar Legas, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, ga bishiyoyin kwakwa iya ganinka. A nan ne aka gina benen da ake kira na farko a Najeriya, a 1845. Amma ba benen ne ya fi tsaya mini a rai ba. Akwai gidan Seriki Williams Abass (kalmar Seriki ɗin nan daga “sarki” namu Yarbawa suka aro ta), inda har yau ƙananan ɗakunan da ake tsare bayi suke nan, kowanne da 'yar tagar da ba ta isa a kira ta taga ba. Daga cikin gari ana shiga kwale-kwale a haye zuwa tsibirin Gberefu, a bi wata hanyar rairayi da ƙafa. A kan hanyar akwai rijiyar da masu yi wa baƙi jagora ke cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Ƙarshen hanyar kuwa teku ne, wurin da ake kira inda ba a dawowa.

Kada ku ɗauka labarin wasu ne can. Daga tashoshin wannan gaɓa, wato Legas da Badagry da Porto-Novo da Wida, an loda Hausawa da yawa a jiragen ruwa zuwa Birazil a farkon ƙarni na 19. A yankin Bahia na ƙasar, bayi Hausawa sun shirya bore a 1807, sun sake tayar da wani a 1814. A 1835 kuma bayi Musulmi, yawancinsu Yarbawa da wasu Hausawa, suka yi babban bore a birnin Salvador cikin watan azumi, aka kuma samu takardu da rubutun Larabci a jikinsu. Mutum ya yi karatun allo a garinsu, ya ƙare yana saran rake a wata duniya da bai taɓa jin sunanta ba. Tun da na tsaya a ƙarshen hanyar nan ta Gberefu, in na ga masoya na tsalle a bakin teku a fim sai in ji waƙar ta ɗan yi mini nisa.

Ba cewa nake kallon fim laifi ba ne, ni ma makallaci ne. Amma bari mu ɗauki biyu daga cikin waɗanda suka haɗa so da teku.

Iyayenku za su tuna Ek Duuje Ke Liye na 1981, wanda Kamal Haasan da Rati Agnihotri suka fito a ciki. A Goa aka kafa labarin, a gaɓar yammacin Indiya. Shi ɗan Kudu mai jin Tamil, ita 'yar Arewa mai jin Hindi, iyaye suka ce ba za ta saɓu ba, aka gindaya musu sharaɗin rabuwa na shekara guda. Har nan labarin ya yi daɗi, kuma duk wanda ya taɓa jin an ce “ba ɗan garinmu ba ne” zai gane shi. Ƙarshensa ne ban taɓa yarda da shi ba, inda aka sa su hallaka kansu aka rufa wa abin kiɗa mai taushi. Da darakta ya ce a tsaya, jaruman nan tashi suka yi suka kakkaɓe tufafi suka karɓi kuɗinsu. Kamal Haasan ya ci gaba da yin finafinai, har ya kafa jam'iyyar siyasa a 2018. Addininmu ya haramta wannan aiki, kuma babu wani kyau a cikinsa sai kukan uwa. Duk wanda a cikinku damuwa ta kai shi yana irin wannan tunani, ko ya ji abokinsa na furta shi, ya gaya wa babba yau ɗin nan, ko uwa ko yaya ko malamin da ya yarda da shi.

Na biyu shi ne Titanic na 1997, na James Cameron, wanda ya lashe kyautar Oscar har 11. Jack da Rose ƙirƙirarru ne, kuma in kun lissafa, saninsu da juna bai kai mako guda ba. (Musun ko allon nan zai iya ɗaukarsu su biyu, na bar wa 'yan ajin kimiyya.) Jirgin kuwa na gaske ne. Ya tashi daga Southampton ta Ingila ranar 10 ga Afrilun 1912, shekara guda bayan layin dogo ya iso Kano. Ya yi karo da dutsen ƙanƙara daren 14 ga wata, ya nutse kafin asubahin 15. Cikin mutum kusan 2,200 fiye da 1,500 suka mutu. Jiragen ceto 20 kacal aka tanada, waɗanda ko an cika su maƙil ba za su ɗauki fiye da mutum 1,178 ba. A cikin masu tikitin alfarma kusan shida cikin goma sun tsira, a cikin masu tikiti mafi araha kuwa kusan ɗaya cikin huɗu.

Cikin fasinjojin akwai wani attajiri dattijo, Isidor Straus, da matarsa Ida, waɗanda suka haura shekara 40 da aure. An ba Ida wuri a jirgin ceto, ta ƙi shiga ba tare da mijinta ba, shi kuma ya ƙi shiga alhali akwai mata da yara da ba su samu wuri ba. Fim ɗin ya fi awa uku, amma tsofaffin da aka nuna kwance suna riƙe da juna ruwa na shigowa ɗaki, ko minti ɗaya ba a ba su ba. Na gane dalili. Shekara 40 ta ciwon baya da rigimar 'ya'ya da “ka sha maganinka?” ba ta sayar da tikiti. Amma in aka ce in nuna so a cikin fim ɗin nan, su zan nuna. Kuma ina kyautata zaton da yawanku na da irinsu a gida, wata kaka da har yau ba ta kiran sunan mijinta amma ta san adadin sukarin da yake so a koko.

Saboda haka in wani ɗan aji biyar ya turo miki saƙo cewa zai iya nutsewa a teku saboda ke, tambaye shi ko ya gama aikin lissafin da aka bayar. Kai ma haka, in aka turo maka.

Sai maganar shiga ruwan. Iyo a kududdufi ko a dam bai koya wa kowa teku ba. A gaɓar Legas akwai wuraren da ruwan da igiya ta turo ke komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya, kuma wurin kan yi lum kamar ya fi ko'ina lafiya. Wanda ya ja, in ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo gaɓa kai-tsaye, gajiya ce za ta kayar da shi. Abin da masana ke koyarwa shi ne mutum ya natsu, ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga jan. Wanda bai iya ba, iyakarsa idon sawu. Ku tambayi masunta kafin ku taka, su ne suka san halin wurin. Kuma kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Ruwan kan cika ya janye sau biyu a yini saboda jan da wata ke yi masa, takalman da kuka ajiye a busasshen wuri da hantsi ba lallai ku tarar da su da azahar ba.

Masu son hoton faɗuwar rana irin na fim kuma, ku buɗe taswira. Goa yamma take kallo, shi ya sa ranarsu ke faɗawa cikin ruwa. Gaɓarmu kudu take kallo. In kuka je a dogon hutu na Agusta, ranar za ta faɗi ta hannun damanku, bayan bishiyoyin kwakwa. Sai wajen Disamba take karkatowa ta sauka a kan ruwan, in hazo ya bari a gani.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.