In Za Ka Zagaya Da Baƙo a Kwale-kwale

Da zarar sanyi ya kama, tsuntsayen Turai suka sauka a Dagona, sai baƙi su fara zuwa Gashuwa da Nguru, kowa na son a zagaya da shi a kwale-kwale. Mai masauki, lafiyarsu tana wuyanka.

Ka tanadi rigar kariya daga nitsewa da ruwan sha mai tsabta, kar kuma a cika jirgin fiye da kima.

Abin da ya fi damuna shi ne tsargiya. Dodon-koɗin da ke maƙale a cikin kachalla shi ke sakin ƙwayar cutar, ita kuwa ta fata take shiga, ko da ba a sha ruwan ba. Baƙo ya tsoma ƙafa don jin sanyi, bayan watanni ya ga jini a fitsarinsa. Hana shi, ko da zai ce ka cika tsanani, musamman yara.

In ya riga ya shiga, kada ka ruga kemis ranar nan. Praziquantel ba ya kashe tsutsar da ba ta girma ba. A jira mako 6 zuwa 8, a gwada fitsari a asibiti, a ba shi maganin gwargwadon nauyinsa.