Ganin Dala ba shiga birni ba ne

Jama'a, akwai wani irin yawon buɗe ido da masu hali na Turai da Amurka suke yi wanda ya kamata talakawa, musamman 'yan kasuwa, su san yadda yake. Mutum ya biya kuɗi ya shiga ƙaton jirgin ruwa, ya yi watanni yana ci yana kwana a ciki, jirgin yana tsayawa tasha-tasha ana sauka kallon garuruwa. Kamfanin Royal Caribbean ya taɓa shirya irin wannan tafiya ta kwana 274, aka tashi daga Mayami a watan Disamba na 1923 da ɗari, wato 2023, aka gama a Satumba na 2024, an taka ƙasashe fiye da 60.

Mu ba mu ƙi tafiya ba, don tafiya mabuɗin ilimi ce. Tambayarmu ɗaya ce: idan jirgin nan ya tsaya a gari, wa ke cin riba?

Ga yadda abin yake. Jirgi kan iso da safe ya tashi da yamma. Tun ba a sauka ba, kamfani ya riga ya sayar wa da yawa daga cikin fasinjoji tikitin zagaya gari a cikin motocin da ya yi yarjejeniya da masu su, ya cire kamashonsa. A wasu tashoshin har takardar sunayen kantuna ake rabawa, kantunan da suka biya don a sa su ciki. Abinci kuwa an riga an biya shi cikin kuɗin tafiya, saboda haka yunwa na taɓa mutum sai ya koma jirgi. To, ina rabon mai tebur da mai sayar da abinci a bakin titi? Nasu cinkoso ne da shara da hayaƙi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani wurin ma an raba baƙo da ɗan gari ƙiri-ƙiri. A ƙasar Haiti akwai bakin teku da ake kira Labadee, wanda wannan kamfani ya karɓa haya tun 1986, aka kewaye shi da shinge. Wanda aka sauke a cikin shinge, shin ya ga Haiti ko kuwa ya ga filin kamfani?

Sai a dubi birnin Benis na ƙasar Italiya, wanda aka gina a kan ruwa. A 1951 mazauna tsohon garin sun kai wajen 175,000, amma a 2022 ba su cika 50,000 ba. Ba jirage kaɗai suka jawo haka ba, gaskiya ce, amma tsadar gidaje da cunkoson baƙi suna cikin abin da ya kori 'yan gari. Mutane suka yi shekaru suna zanga-zanga. A watan Yuni na 2019 jirgin MSC Opera ya ƙwace ya daki gaɓa da wani ƙaramin jirgi, aka ji raunuka. Sai a watan Agusta na 2021 gwamnati ta hana manyan jiragen da suka wuce tan 25,000 ratsawa ta tsakiyar garin. Ashe kukan talaka yana da amfani in aka haɗa baki, aka kuma jure.

Amma kada a ce kullum haka ake cin nasara. A garin Key West na Amurka, mutane sun jefa ƙuri'a a 2020 cewa a rage yawan jiragen da girmansu. Shekara na zagayowa, a 2021, majalisar jihar Fulorida ta yi doka ta soke abin da jama'a suka zaɓa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin talaka ko ina yake.

Za a ce mana ai jiragen suna kawo aiki da haraji. Haka ne, direbobi da masu rakiyar baƙi da leburorin tasha suna samu, ba mu yi musu ba. Amma yawancin jiragen an yi musu rajista a ƙasashe irin su Bahamas da Panama, inda haraji ke da sauƙi, ƙananan ma'aikatansu kuwa da yawa daga Filifin da Indonesiya da Indiya ake ɗauko su, su yi watanni ba su ga iyalinsu ba. Kaso mai tsoka ba a bakin tasha yake tsayawa ba.

Ra'ayinmu shi ne, mutanen gari su ne za su faɗi jirage nawa za su tsaya musu a rana, kamar yadda birnin Dubrovnik na Kuroshiya ya ƙayyade biyu tun 2019. Harajin da aka karɓa a kashe shi a garin, a kan ruwan sha da share kasuwa. A bar baƙo ya shiga kasuwa da ƙafarsa, ya yi ciniki da mai kaya ba tare da dillalin kamfani ba.

Mu kuma 'yan kasuwa, duk ranar da manya suka zo mana da zancen kawo baƙi don arzikin gari, mu tambaye su tun da wuri: aljihun wa kuɗin zai shiga? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.