A Daina Raina Ƙarambau, A Nemi Rigakafinsa!

Iyaye maza da mata, malamai da masu unguwanni, har yaushe za mu ci gaba da cewa ai kowane yaro sai ya yi ƙarambau? Gaskiya ne yawancin yara zazzaɓi ne da ƙuraje masu ƙaiƙayi, bayan mako guda su miƙe. Amma akwai waɗanda susa ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, fata ta ruɓe, jini ya gurɓata. Akwai waɗanda ciwon ke sauka a huhu, wasu ya kumbura musu ƙwaƙwalwa. Jariri sabon haihuwa, mace mai juna biyu da yaron da garkuwar jikinsa ta yi rauni, su ne suka fi shan wuya.

Ku dubi abin da ya faru a Amurka. Kafin 1995, kusan mutum miliyan 4 ke kamuwa kowace shekara, fiye da 10,000 a kwantar da su asibiti, 100 zuwa 150 su rasu. A shekarar suka fara yi wa yara allurar da likitan Japan Michiaki Takahashi ya samar tun 1974, daga bisani suka mayar da ita sau biyu. Cikin shekara 25, kwanciya asibiti saboda ƙarambau ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a tsakanin yara da matasa, mace-macen kuwa suka kusa ƙarewa. Jamus ta bi sahu a 2004, Ostareliya a 2005. Kowane gadon asibiti da allurar ta bari babu kowa, uwa ce ta kwana a ɗakinta hankali kwance, uba ne bai ci bashin kuɗin magani ba.

Mu kuwa a Najeriya, wannan allura ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke yi kyauta. Sai mai hali ke samun ta a asibitin kuɗi. Shin ɗan talaka ba ɗa ba ne?

To mu tashi! Mu tambayi wakilanmu a majalisa da hukumomin lafiya yaushe za a ƙididdige yaran da ƙarambau ke kwantarwa, a tsara shigar da allurar. Amma mu ma da namu nauyin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi ƙasashe cewa sai allurar ta kai ga aƙalla kashi 80 cikin 100 na yara, in ba haka ba cutar za ta koma kan manya, inda ta fi tsanani. Saboda haka mu fara da cika katin rigakafin da ke hannunmu, na ƙyanda da shan inna da sauransu.

Idan yaro ya kamu, a ware shi daga masu ciki da jarirai, a yanke masa farce, kada a ba shi asfirin. Numfashi ya yi wuya, ko ƙuraje suka yi ruwa, ko ya fara magagi, a garzaya asibiti. Mai hali ya kai ɗansa allura yau, sauranmu mu haɗa murya har ta zama haƙƙin kowane yaro!