Darasin Jar Dara ga 'Yan Kasuwa

Jar darar da sarakuna da attajirai ke ɗorawa a Kano da unguwannin Hausawa na Legas irin su Agege, asalinta birnin Tunis ne. Tun ƙarshen ƙarni na 17 masu yin ta ke da kasuwarsu ta musamman a can. Mata ke saƙa ta da gashin tumaki, a daka ta cikin ruwa a garin El Battan har ta yi kauri, sannan a rina. Kowane mai sana'a yana da tambarinsa a jikin hular, akwai kuma shugaba mai duba ingancin aiki. A 1959 gwamnatin Tunisiya ta kafa hukumar kula da sana'o'in hannu.

Dangantakar ta wuce hula. Kiɗan Stambeli, gadon bayin da aka ƙetare Sahara da su, har yau akwai kalmomin Hausa a waƙoƙinsa.

A nan gida kuwa, rijiyoyin marinar Ƙofar Mata da yawa sun bushe, hular inji kuma tana karya farashin ɗinkin hannu, domin babu shaidar da za ta tabbatar wa mai saye bambancinsu.

Gyaran wannan ba ya bukatar jarin kafa masana'anta irin na Ilupeju. Ya kamata fataken Agege su haɗa kai da marina da maɗinka a kan tambari guda da ma'aunin inganci. Kayan da ba shi da suna, mai saye ke yanka masa farashi.